Zaren Yaya da Zaren Auta

Ina tsaka da wanke kai Umma ta hau dukan ƙofar banɗaki kamar za ta ɓalle ta.

"Ke, fito! Fito ki gani, akwatin nan ya huce!"

Na fito da kumfa a kunne, na ja zani na ɗaura, na bi ta da gudu zuwa sito. Injin ƙyanƙyasar yana nan inda muka ajiye shi, kan tsohon teburin guga, tsakanin buhunan dusa da keken ɗinkin da ba wanda ya taɓa tun ina firamare. Na ɗora tafin hannu a kan gilashin. Bai yi sanyi ƙalau ba, amma ba ɗumin da na saba ji ba ne. Fanka tana juyawa, 'yar fitilar kwamfutar tana ƙiftawa abinta, hita mai ɗumama ƙwan kuwa a mace.

Bari in faɗi abin da ke cikin akwatin, kada a ɗauka mun haukace ne a kan ƙwai. Baba yana da wasu kaji jajaye masu gashi har ƙafa. Shi ya haɗa irinsu da kansa tun kafin a haife mu, kuma bai taɓa sayar da ko ɗaya ba. Bayan rasuwarsa wani ciwo ya shiga akurki ya kwashe su kaf. Umma, wadda ban ga hawayenta ba ranar da muka rasa Baba, ta zauna a bakin akurki ta yi kuka har muryarta ta dushe. Abin da ya rage kawai shi ne ƙwan da ta tsince kafin su mutu. In waɗannan ba su fashe ba, kajin Baba sun ƙare ke nan.

Akwai injin ƙyanƙyasa a kasuwa, da mun saya mun huta. Umma ta ƙi. Wai tana da 'ya'ya maza biyu masu rubuta manhaja, sai ta je ta sayo na wani? Ni na san ba wannan ba ne dalilin. Yaya da Auta ba sa magana. Lokacin da jikin Baba ya yi tsanani Auta yana makaranta yana jarrabawar ƙarshe. Ya kira gida, Yaya ya ce masa da sauƙi, ya zauna ya gama. Kafin ya iso an riga an yi komai. Yaya ya ce Baba ne ya hana a taso shi, Auta ya ce ko Baba ya hana ai shi yana da baki. Tun daga nan ko gaisuwa ba ta haɗa su. Shi ne Umma ta ƙirƙiro musu aiki ɗaya, a ganinta dole su zauna wuri ɗaya su yi.

Ba ta san 'ya'yanta ba. Ta bakina suka raba aikin. Yaya ya ɗauki kula da zafi, Auta ya ɗauki juya ƙwai da tura saƙo zuwa wayar Umma. Kowa ya rubuta nasa a fayil dabam ya rufe da kalmar sirri, wannan ya zo da safe, wancan ya zo da yamma. Ni kuma ta tsakiyarsu, da nake kula da kwamfutocin wani kamfanin jigilar kaya, ni na tsaya a kan kafinta ya buga akwatin, na ja wayoyi, na dasa 'yar kwamfutar da ba ta fi tafin hannu ba. Abin haushin, sai ya yi aiki. Tun da aka sa ƙwan yake tafiya lafiya lau, har suka kusa fashewa, sai yau.

Na jona kwamfutata, gashina yana ɗiga a kan madannai. Umma tana tsaye a kaina, ina jin numfashinta a wuyana.

"Ta mutu ne?"

"Ba ta mutu ba, Umma. Ki ɗan matsa, kin tare mini haske."

Ta matsa, ta sake dawowa kusa fiye da da. Na duba. Kwamfutar lafiyarta ƙalau, zaman banza ma take yi. Shirinmu yana nan da ransa, amma ba ya motsi. Na ja tsaki.

"Faɗa mini da yaren mutane," in ji Umma.

Na ce, "Umma, wannan 'yar kwamfutar ƙwaƙwalwa ɗaya gare ta, abu ɗaya take iya yi a lokaci guda. Amma akwai babbar manhaja a cikinta, ita ce mai raba lokaci. Sai ta ba wannan aikin ɗan lokaci, bai kai ƙiftawar ido ba, ta tsayar da shi, ta riƙe inda ya tsaya, ta ba wancan, sannan ta dawo. Saboda sauri sai ki ga kamar tare ake yin su duka."

"Yadda nake yi in na ɗora tukwane da yawa."

"Haka nan. To shirinmu aiki ɗaya ne a wurinta, amma ya rabu gida biyu, kowanne ana ce masa zare. Ga zaren Yaya, ga zaren Auta. Dukansu suna amfani da abu biyu, ma'aunin zafi da makunnin wuta, wanda ke kunna hita da injin juya ƙwai. Don kada hannu biyu su taɓa abu ɗaya lokaci guda, an yi wa kowanne makulli. Wanda ya riga ɗauka shi ke da shi, ɗayan ya jira sai an ajiye."

"To ina abin tsayawa a nan?"

"Zaren Yaya makullin ma'auni yake fara ɗauka, ya karanta zafi, sannan ya nemi na makunni. Zaren Auta kuma makunni yake fara ɗauka, ya juya ƙwai, sannan ya nemi ma'auni don ya turo miki saƙo. Yau na Yaya ya ɗauki ma'auni, kafin ya kai ga makunni sai babbar manhaja ta ce lokacinsa ya cika, ta ba na Auta. Na Auta ya ɗauke makunni, ya juyo neman ma'auni, ya tarar yana hannun na Yaya. Aka koma kan na Yaya, makunni yana hannun na Auta. Kowa ya riƙe ɗaya yana jiran ɗayan, kuma ba wanda aka rubuta masa ya saki nasa."

Umma ta kalli ƙwan.

"Har yaushe za su jira?"

"Har abada, in ba a kashe an kunna ba."

"Ita babbar ba za ta raba su ba?"

"A ganinta ba faɗa suke ba, jira suke. Ita kuwa ba ruwanta da mai jira."

Ta yi mini wani irin kallo, na ɗauke kai. Na kashe shirin na sake tayar da shi. Hita ta yi ƙas, ta kama, gilashin ya fara ɗumi. Na kira ofis na ce ba zan samu zuwa ba, sannan na kira 'yan'uwana ɗaya bayan ɗaya, na yi musu magana da muryar da suka san ba ta wasa ba ce.

Da yamma suka zo. Yaya ya riga isowa, da katin aiki a wuya, ya tsaya jikin taga. Auta ya shigo da hular kwano a hannu, ya ga takalmin Yaya, ya toge a bakin ƙofa. Sito ɗin ko juyawa da ƙyar ake yi a ciki, amma sai da suka samo wurare biyu mafi nisa da juna.

Na maimaita bayanin a taƙaice, don sun fi ni sanin abin. Tun kafin in kai ƙarshe na ga sun gane. Yaya ya runtse ido, Auta ya sosa ƙeya.

"Me ya sa sai yanzu?" in ji Yaya, yana kallona.

"Da can jefi-jefi zaren Auta yake tashi, da wuya su yi karo. Jiya ya ƙara yawan saƙon."

"Umma ce ta ce hankalinta ba ya kwanciya, tana son ta riƙa ji a kai a kai," in ji Auta, yana kallon silin.

"Ki gaya masa, wanda ya taɓa abu ya lalace shi ke gyarawa," in ji Yaya.

"Anti, ki gaya masa ramin yana nan tun ranar farko, ni dai na zo na taka ne."

"Kai, kun ishe ni da ki-gaya-masa ɗin nan!" na ce. "Ni 'yar aikenku ce? Layi ɗaya ne gyaran. Ba ruwan kwamfuta da wanda ya yi daidai. Ko ma'auni a fara ɗauka ko makunni, duk ɗaya ne, in dai ku biyu kun bi jeri ɗaya. Mutum ɗaya ya juya nasa ya bi na ɗan'uwansa, shi ke nan, kowa ya kama gabansa."

Yaya ya gyara katin wuyansa. "Ana auna zafi kafin a taɓa wuta. Ko ɗan aji ɗaya ya san wannan. Nawa ne daidai."

"Kullum ai nasa ne daidai," in ji Auta. "Shi ke yanke abin da ya kamata kowa ya sani, da lokacin da zai sani."

Ɗakin ya yi tsit. Jijiyar wuyan Yaya ta miƙe. Umma ta dafa buhun dusa ta zauna a kai. A cikin shirun nan ne na lura na daɗe ban ji ƙas ɗin hita ba. Na leƙa fuskar kwamfutar.

"Ga shi nan, a gaban idonku! Ya sake tsayawa!"

Na kashe na kunna. Na juyo na ce, "Ku saurare ni da kyau. Sa'a muke yi yana tsayawa hita a kashe, kuma ƙwai yana jure sanyi na ɗan lokaci. Ranar da ya tsaya hita a kunne, ba mai kashe ta. Dafa su za ta yi. Na aika neman abin da ke yanke wuta in zafi ya wuce kima, mai shago ya ce sai wani makon. In kun ƙi gyarawa ku ba ni kalmar sirrinku in yi da kaina."

"A'a," in ji Umma.

Na juya ina kallonta baki buɗe.

"In kika taɓa na wannan, zai ce kin bi bayan wancan. Biyu ne ba sa magana a gidan nan, ba na so su zama uku. Su suka rubuta, su za su gyara."

"Umma, ƙwan fa?"

"Ai saboda ƙwan ne."

Wallahi na so in ɗora hannu a ka in kurma ihu. Gida guda, kowa da kansa kamar dutse, ni ce kawai aka haifa don in yi ta kai da kawowa. Yaya ya duba agogo ya ce zai ɗauko yara daga wurin darasi, ya fita ta gefen Auta ba tare da rigarsu ta taɓa juna ba. Auta ya jira sai da ƙarar motar ta ɓace, sannan ya kifa hular kwanonsa. Aka bar mu ni da Umma muna karɓa-karɓar gadin akwati har gari ya waye, in ya tsaya a kashe a kunna.

Da safe Yaya ya biyo gaida Umma kamar yadda ya saba kafin ya wuce aiki. Tana kicin. Ya gaishe ta, sannan ya leƙo sito ya same ni ina gyangyaɗi. Idanunsa jawur, shi ma da alama bai runtsa ba.

"Tashi mini a kujerar."

Na tashi. Ya jona kwamfutarsa, ya buɗe fayil ɗinsa, ya ɗaga layi ɗaya ya mayar da shi sama da ɗan'uwansa. Ko shayin da ke hannuna bai huce ba ya gama.

"Na juya," ya ce ƙasa-ƙasa. "Yanzu makunni nake fara ɗauka, kamar shi."

Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaga mini yatsa.

"Kada ki gaya masa. Umma ma kada ki gaya mata, ba ta iya riƙe magana. Ba don shi na yi ba."

"To don wa?"

"Ki yi mini alkawari kawai."

Na yi masa. Ya naɗe wayar kwamfutarsa ya fita, ko waiwaye. Ni kuwa daɗi ya cika ni har na rasa inda zan sa kaina. Tun muna yara ban taɓa ganin Yaya ya janye ko a kan kujerar gaban mota ba. Na zauna na zuba wa fuskar kwamfutar ido, na daɗe. Zaren nan biyu suna ta miƙa wa juna makulli cikin ladabi, wannan ya ɗauka ya ajiye, wancan ya ɗauka ya ajiye. Ya gyaru, gyaruwa ta gaskiya.

Ranar ce Umma take da ganin likitan ido. Na ce mata da alama akwatin ya nutsu, ta shirya ta tafi. Ta ce ko da wasa, ba inda za ta ta bar ƙwai su kaɗai. Na yi lallashi, na yi faɗa, alkawarin yana ta ƙaiƙayi a harshena. Ta ce in wuce aikina in bar ta. Na wuce, don na san manajanmu ba zai ɗaga mini ƙafa kwana biyu a jere ba.

A ofis ma ba zama. Firinta ta ci takarda, mai lissafi ya manta kalmar sirrinsa ya rantse kwamfutar ce ta canza, wani direba yana tsaye a kaina wai taswirar wayarsa ta kai shi bakin kogi. In na fara wannan a kira ni wancan, in na dawo sai in tsaya ina tunanin inda na tsaya. Ga barci yana fizgata. Bayan azahar waya ta yi ƙara, Umma ce.

"Zo ki ɗauke ni a asibiti. Sun ɗiga mini magani a ido, dishi-dishi nake gani."

"Ashe kin je?"

"Na je mana. Ke dai zo."

Na same ta a kan benci sanye da baƙin tabarau da suka ara mata, tana ta murmushi ita kaɗai. Na kama hannunta muka tari tasi. Tun da muka zauna take mutsu-mutsu, tana gyara mayafi, tana taɓa gwiwata.

"Zan gaya miki wata magana, amma ki riƙe ta."

Na yi dariya a zuci. Na ce a raina, Umma, da kin san wadda nake riƙe da ita.

"Autana ya sauko," ta raɗa mini.

"Ya sauko ina?"

"Kina fita ya zo. Ya shiga sito ya ɗan taɓa, ya fito ya ce, Umma, na juya nawa, na bi tsarin Yaya, ma'auni nake fara ɗauka yanzu. Ya ce kada in gaya wa Yayansa, ke ma kada in gaya miki, wai bakinki ba ya shiru. Shi ya sa na samu natsuwar fitowa. Kin ga yaron nan? Zuciyar mahaifinsa gare shi."

Ban san lokacin da na fizge jakarta ba. Na zazzage ta a cinyata, carbi da katin asibiti da makullan gida suka zube, na ɗauki wayarta. Saƙonnin akwatin suna nan a jere tun safe, ɗaya bayan ɗaya, sai suka yanke da hantsi. Na ƙarshen ya nuna zafi ya ɗan sauka. In zafi ya sauka, hita a kunne take. Daga nan ba wani saƙo.

"Direba, don girman Allah ka taka motar nan!"

"Hajiya, in taka ta ina? Ba ki ga gabanmu ba?"

Wata babbar mota ce ta gindaya a titi ana sauke buhunan siminti, 'yan dako suna tafiya kamar masu ciwon baya. Masu babur suna kutsawa ta ko'ina, mu muna tsaye. Na kira Yaya, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na kira maƙwabciyarmu, ta ce tana gida, amma ta ina za ta shiga, ƙofa a kulle, mitar wutar ma tana ciki. Na kira Auta, Allah ya sa ya ɗauka.

"Kana da makullin gida? Bar duk abin da kake yi, ka je ka zare wayar akwatin nan daga bango. Yanzu! Kada ka tambaye ni!"

Umma ta riƙo hannuna. "Ke, mene ne? Ba ke kika ce mutum ya bi na ɗan'uwansa ba?"

"Ɗaya na ce, Umma! Mutum ɗaya! Yaya ya riga ya juya nasa da safe, a gabana. Ya koma tsarin Auta, shi kuma Auta ya koma tsarin Yaya. Sun yi musayar wuri ne kawai. Har yanzu kowa ta gefe dabam yake farawa."

"Yayanku ya sauko?"

"Ya sauko."

"Shi ma ya ce kada a faɗa?"

Na gyaɗa mata kai. Ta saki hannuna ta kama bayan kujerar direba ta riƙe gam. Leɓenta yana motsi, ban ji abin da take cewa ba. Na tura wa Yaya saƙo, na sake kira, na leƙa ta taga na yi wa mai babbar motar masifar da ban san na iya ba. Direbanmu ya ga abin ba na lafiya ba ne, ya hau gefen titi, ya bi ta bayan wani gidan mai, ya ratsa wani lungu da madubinsa yake gogar bango. Kowane rami muka faɗa sai in ji kamar ƙwan ne a cikina.

Muka tarar da ƙofar gida a wangale, babur ɗin Auta a kwance a ƙasa, ko jingine shi bai tsaya yi ba. Na bar Umma a hannun maƙwabciya na ruga. Tun daga tsakar gida na ji warin, irin na katako da roba in sun sha zafi. Auta yana tsaye a sito, hular kwano a kansa har yanzu, wayar wutar a hannunsa. Ya buɗe murfin. Na kai hannu kan gilashin, na janye da sauri.

Ana haka Yaya ya faɗo ɗakin yana haki. Ya kalli akwatin, ya kalli Auta. Wannan karon bai neme ni ba.

"Me ka taɓa?"

Auta ya cire hular a hankali. "Na bi naka."

"Ka bi me?"

"Tsarinka. Ma'auni tukuna, sannan makunni. Ka ce shi ne daidai."

Yaya ya ja da baya. Ya dafa teburin guga.

"Ni na bi naka," ya ce. "Da safe."

Suka tsaya suna kallon juna. Na shirya musu zagi tun daga cikin tasi, cike da bakina, amma ko ɗaya bai fito ba. Tausayinsu ne ya kama ni, da haushinsu, da haushin kaina da na iya riƙe alkawari yau kaɗai a rayuwata.

Maƙwabciya ta rako Umma har ƙofar sito, ta koma. Umma ta lalubi buhun dusa ta zauna, ta cire baƙin tabarau. Idanunta sun yi manya, ruwa yana kwance a ciki, ban san ko na maganin ba ne.

"Ku rufe taga," ta ce. "Ku haska su ɗaya-ɗaya ku duba mini. In da rai za ku ga motsi. Ni ba na gani."

Na ja labule, na tura ƙofa. Auta ya kunna fitilar wayarsa. Yaya ya naɗe hannun riga, ya ɗauko ƙwai na farko da yatsu biyu don zafi, ya ɗora a kan hasken. Ɓawon ya yi ja, inuwar ɗan tsako ta fito a dunƙule, ta cika kusan duka. Muka haɗa kai muna kallo, ba mai numfashi.

"Yaya, ɗan karkata shi," in ji Auta.

Yaya ya karkata. Suka jira. Ya ajiye shi gefe a kan tsumma, ya ɗauko wani.

"Matso da fitilar ƙasa kaɗan."

"Haka?"

"Haka. Riƙe nan."

Haka suka yi ta yi. Wani sai Auta ya ce a dakata, kamar ya ga abu, su ƙura ido, ashe hannun Yaya ne yake rawa. Gumi yana ɗiga daga haɓar Yaya, Auta ya sa gefen hannu ya share nasa idon. Tiren ƙwan yana raguwa, tsumman yana cika. Na daina kallon ƙwan, na koma kallon ƙafafun Umma, yatsunta suna ta murza takalmi. Da suka kai na ƙarshe sun daɗe a kansa fiye da duk sauran. Sannan Auta ya kashe fitilar.

"Akwai?" in ji Umma.

Auta ya sunkuyar da kai. Yaya ya durƙusa a gabanta.

"Babu, Umma."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Ta gyaɗa kai a hankali, ta daɗe tana gyaɗawa. Ba ta yi faɗa ba, ba ta tambayi laifin wa ba ne. Da ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi.

"To," ta ce. "Ku ba ni ɗaya in riƙe kafin ya huce."

Yaya ya ɗauko ɗaya daga kan tsumman. Ta miƙa hannu can gefe, ba inda yake ba. Auta ya kamo hannun ya buɗe mata tafin, Yaya ya ɗora.